Yadda na sha fama kafin wakoki su fito a rediyon Baba mai memori

Duk wanda ya taba siyan irin kananan rediyon nan masu cin memori, wadanda wasu ke kira MP, ya loda mata wakoki ya kunna amma ta ki nuna komai, toh wannan bayanin nashi ne. Na yi yawo sosai akan maganar nan, na kashe kudin da ya kusa kamo kudin rediyon ita kanta, kuma a karshe abun da ya fito fili shine rediyon lafiyarta kalau tun ranar da aka cirota a kwali. Matsalar tana jikin memori ne da irin fayilolin da ake zuba mata, kuma ba guda daya bace, a jere suke, kana warware wannan wata zata leko.

Baba na siyawa. Shi mutumin kaset ne tun muna yara, yana da su cike da akwati, tafsirin azumi, karatun Alkur'ani, wakokin bege da na makadan gargajiya, amma yawanci zaren ya saki ko rediyo ta cinye shi, mai gyaran irin wadannan rediyoyin ma yanzu sai ka yi da gaske kafin ka same shi. Babbar waya kuwa yace shi shafe-shafe ba nashi bane, abun da zai danna maballi ya ji kara yake so. Sai na samo mishi wata yar karama da za ta shiga aljihun babbar riga, tana kama FM, tana da ramin memori da ramin filas, batirinta na caji, ga dan sikirin da ke nuna lambar waka da sunanta. Wajen N12,000 na siya a lokacin, yanzu kam kaya kullum tashi suke. Dama ina da memori mai 64GB a wayata wanda na dade ina tara mishi abubuwa a ciki, na sauko da wasu daga intanet, wasu an turo min ta WhatsApp, wasu na karba ta Xender wajen abokai. Na cire na saka a rediyon, ta dan yi shiru kamar tana tunani, sai kawai ta rubuta No file ta koma FM abunta. Na cire na hura na mayar, na kashe na kunna, na danna Mode har yatsa ya gaji, amsar dai daya ce. Na mayar da memorin waya, komai na nan yana yi garau.

Na koma shagon da na siya da niyyar a canza min ko a bani kudina. Mai shagon baya nan, yaronsa yace ya je sallah, na zauna akan benci har aka idar aka yi hira aka dawo. Da ya zo bai ma tsaya musu dani ba, ya bude durowa ya dauko wani tsohon memori nashi mai 4GB ya zura, nan take waka ta tashi har makwabcinsa ya leko. Yace "Malam ka gani ko, kayana lafiya lau, memorinka ne." Nace Alhaji memorin nan fa yanzu na cire shi daga waya yana yi. Yace shi dai bai san wannan ba, abunda ya sani kaya in sun fita kuma suna aiki ba a dawo dasu. Raina ya baci amma ba yadda zan yi, gaskiyarsa ce a gabana ta yi. Yaron ne ma da na juya zan tafi ya karbi kwalin ya nuna min wani kankanin rubutu a gefe wanda sai ka kura ido, an rubuta TF card max 32GB, a kasansa kuma MP3, WMA, WAV. Yace yawancin irin wadannan basa daukar babban memori, in nemi 32 ko kasa da haka. TF din nan da ake rubutawa shine dai karamin memorin waya da muka sani, tsohon sunansa ne.

Daga baya ne na fahimci dalilin, kuma ya kamata mutum ya rike shi domin shine kan gaba a wannan matsala. Kowane memori akwai tsarin da aka shimfida a cikinsa na yadda ake jera fayiloli. Masu 4GB zuwa 32GB, wadanda zaka ga an rubuta SDHC ko HC a jikinsu, da tsarin FAT32 suke zuwa. Masu 64GB zuwa sama, masu rubutun SDXC ko XC, su kuma exFAT ne. Waya da kwamfuta duk suna karanta biyun shiyasa baka taba lura, amma kwakwalwar da ke cikin kananan rediyon nan da sifikoki masu araha da rediyon mota da yawa FAT32 kadai suka iya. In ka basu exFAT ba zasu ce maka ga abunda ke damunsu ba, No file kawai zasu rubuta ko su yi kamar baka saka komai ba.

Toh sai na nemi mai 32. A bakin titi na siya wajen masu baza kayan waya a tebur, yace N2,500, na ga araha sosai idan aka kwatanta da na cikin shago, kwalinsa kuma tsaf har da tambarin kamfani. Tunda bani da laftop sai na wuce wajen mai tura wakoki na unguwarmu, irin masu kwamfuta da sifika a karkashin lema. Na tarar da layi, samari na jiran a tura musu fassarar finafinan Indiya, wani kuma ya kawo waya uku ta matan gidansu. Da layi ya zo kaina na bashi memori biyun nace ya kwashe duk abunda ke cikin babban ya zuba a karamin, ya kuma kara min wakokin gargajiya in yana dasu. Ya zura su a kad rida, yar na'urar da ake jona memori da kwamfuta, ya yi ta jan linzami, can yace min akwai wasu da ba MP3 bane amma kar in damu ya gyara min su. Na ji dadi har na kara mishi akan N700 din da ya ce. Abun da na lura shi ne yana gamawa ya fizge memorin kawai ya miko min, bai tsaya ya danna komai ba.

A gida aka samu ci gaba, rediyo ta karanta memorin, waka ta tashi, Baba ya gyara zama. Amma lambar da take nunawa a sikirin bata kai ko rabin abunda na san na tara ba. Tafsirin da aka turo min ta WhatsApp, wanda shi Baba yafi damuwa dashi, ko daya bai fito ba. Wasu kuma sunansu zai fito ta tsaya a kai kamar dakika biyu sai ta tsallake ta tafi na gaba. Wasu su fara lafiya, a tsakiya su rikide su koma kara kamar ana yaga takarda, ko ka ji wata wakar daban ta fado cikin karatu. Baba yace "kai wannan abun naka aljanu ne a ciki ko me?" Nace Baba a yi hakuri za a gyara. Na koma wajen mai turawa, ya sake gogewa ya sake zubawa, wannan karon da na dawo gida ma gaba daya No file ta sake rubutawa. Na saka memorin a waya, waya ta nuna min wuri ya cika amma foldojin babu su, sai wasu kananan abubuwa masu irin sunayensu da basa budewa. Nan fa hankalina ya tashi, domin babban memorin ma ya shiga wannan kwamfutar, kuma akwai muryar wani dattijo dan'uwanmu da ya rasu a ciki wadda bani da ita a ko ina.

Wani abokina ne yace in daina wahalar da kaina in tafi Farm Centre, kasuwar waya ta nan Kano, in nemi masu aikin sofwaya ba masu hada waya ba. Na hau Napep na je da hantsi, na samu wani matashi a wani dan lungu da laftop biyu a gabansa, mutane sun kewaye shi masu son a cire musu kwadon waya da masu filashin. Na jira sosai, har sai bayan azahar. Da na fara mishi bayani ina cewa ko a yi fomatin ne kawai, wato a goge memorin kaf a sake shimfida tsarinsa, sai yace "Oga tsaya, kar ka bari kowa ya yi maka fomatin tukunna, kayanka na nan ciki." Ya juyo min da sikirin ya nuna min, duk foldojin sun koma masu yar kibiya a kusurwa, girman kowanne 1KB ko 2KB. Yace bairos ne da ke yawo a kwamfutocin da ake zura musu memorin kowa da kowa, baya goge kaya, boye ainihin foldojin yake yi sai ya ajiye na bogi masu kibiya a madadinsu, in ka danna na bogin a kwamfuta sai ya shiga ita ma. Rediyo kuma bata san wata kibiya ba, tawa dai ko leka boyayyen folda bata yi. Ya fara wanke memorin da antibairos, sannan ya bude wani bakin allo da ake kira cmd ya rubuta layi daya, na sa ya maimaita min na kwafa a takarda: attrib -h -r -s /s /d E:\*.* wato E din nan harafin da kwamfuta ta ba memorin ne, a taka zai iya zama F ko G. Yana danna Enter foldoji suka dawo ras. Ya goge masu kibiyar, ya yi ma babban memorin haka shima, muryar dattijon nan na nan. Na sauke wata ajiyar zuciya da sai da ya dago ya kalle ni.

Sai na kawo mishi maganar wakokin da ke yagewa a tsakiya. Ya dauki memorin 32 din ya juya shi a hannu, ya kankare rubutun da farce sai ga fenti yana fita, yace nawa ka siya? Na fada mishi, ya yi dariya. Yace akwai wata karamar manhaja H2testw, aikinta ta cika memori da bayanai tun daga farko har karshe sannan ta dawo ta karanta ta ga ko abunda ta rubuta yana nan. Amma sai memorin ya zama ba komai a ciki kuma tana daukar lokaci, don haka ya kwashe kayan ya ajiye a laftop dinsa yace in je in ci abinci in yi la'asar in dawo. Da na dawo sikirin ya yi ja, abun da ke da kyau a cikin memorin bai ma cika 4GB ba, sauran duk iska ce. Yadda ya min bayani, karamin memori ake dauka a sauya mishi lissafi yadda zai rika gaya wa waya da kwamfuta cewa shi 32GB ne. Kana zuba kaya yana karba ba musu, sunayen fayiloli duk zasu fito, amma da zarar an wuce ainihin cikinsa, ko dai sabon kayan ya bace ko ya hau kan tsohon ya murkushe shi. Shi yasa na farko-farko suke yi, na baya kuma suna ne kawai ba komai a ciki, shi yasa kuma waka ke fadowa cikin karatu. Wannan ba ya gyaruwa, fomatin sau dari ba zai kara mishi ciki ba. Mai teburin da na siya a wajensa kuwa ko komawa ban yi ba, na san ba rasit ba shaida, kila shima haka aka siyar mishi.

Shi ya raka ni wani shago na siyi mai 16GB na gaske a kan N5,000, muka dawo ya gwada shi da manhajar nan ya fito kore. Kar ka tsorata in ka ga sabon 16GB ya nuna maka 14 da wani abu, wannan ba jabu bane, bambancin lissafi ne tsakanin masu kerawa da kwamfuta. Kuma 16 din ma ya isa har ya yi yawa, domin MP3 mai 128kbps kusan 1MB yake ci a minti daya, awa guda bata wuce 60MB ba, kaga 16GB zai dauki sama da awa 200. Ya yi mishi fomatin a FAT32, ya kwafo kayan daga babban memorin kai tsaye ba daga na jabun ba, ya danna Eject kafin ya zare. Yace fizge memori ana cikin rubutu yana barin fayil rabi ko ya bar shi 0KB, suna ba nama. Ya karbi N1,500 na aikinsa, kuma har ga Allah ya ci halak. Na kunna rediyon a gabansa, yagewa ta tafi, lamba ta karu. Amma tafsirin nan dai shiru, kuma masu tsallakewa suna nan suna tsallakewa. Lokacin magariba ta kawo kai yana hada kaya, yace wannan kuma sai dai konbatin, wato a juya fayilolin su koma MP3, in dawo wani lokaci.

Ban koma ba saboda kanwata da ke karatun kwamfuta ta dawo hutu da laftop dinta. Na zayyana mata komai, ta zura memorin tace "Yaya bari mu ga wutsiyarsu tukunna." Ashe Windows boye karshen sunan fayil take yi sai ka shiga View ka kunna File name extensions. Tana kunnawa komai ya fito. Tafsirin da aka dauka da muryar WhatsApp duk .opus ne, haka WhatsApp ke ajiye sakon murya. Wadanda na sauko dasu daga bidiyo da manhajojin saukewa yawanci .m4a ne, akwai ma .webm, wasu rikodin na tsohuwar waya kuma .amr. A waya duk zaka gansu da alamar waka iri daya kuma duk suna yi, shi yasa kowa ke kiransu MP3, amma rediyon abu uku kacal aka rubuta mata a kwali, duk wanda wutsiyarsa ba daya daga cikinsu bace ko kirga shi bata yi. Wannan ya warware maganar wadanda basa fitowa.

Masu tsallakewar kuma su ne suka fi bani haushi da na gane. Wutsiyarsu .mp3 ce sarai, amma da ta bude daya a VLC, manhajar kunna waka da bidiyo, ta danna Ctrl da J, wurin da ke nuna ainihin abunda ke ciki, sai ga shi AAC ne ba MP3 ba. Wasunsu gyaran da mai tura wakoki yace ya yi min kenan, ya goge m4a ya rubuta mp3, kuma da yake ya taba babban memorin ma sai suka biyo mu har sabon. Wasu kuma tun daga shafin da aka sauko dasu haka suke. Wannan kamar ka rubuta sukari ne a jikin gwangwanin gishiri. Rediyo zata ga sunan ta saka shi a layi, ta bude ta kasa fahimta, ta wuce. Waya da kwamfuta su basa kulawa da sunan sosai, cikin suke dubawa, don haka a wajen mai turawa komai zai yi ka biya ka tafi.

Maganin shine a juya su da gaske, kuma da VLC din nan ta kyauta ta yi. A Media zaka shiga Convert / Save, ka danna Add ka zabo fayilolin, ana iya zabo da yawa a tare, sai a wajen Profile ka zabi Audio - MP3 ka danna Start. Ta ware duk wadanda ba MP3 na gaske ba a folda daya ta sake su suna juyawa muna hira, tafsirin da yake dogaye ne shi ya dan ja lokaci. Juyawa baya kara wa murya kyau, in rikodin din dama da hayaniya haka zai fito, amma dai zai yi. Tace akwai manhajojin waya ma da ke wannan aikin ga wanda bashi da kwamfuta, sai dai a kula da masu cika mutum da talla. Ta ajiye na asalin a laftop bata goge ba. Muka zuba, muka saka a rediyo, lambar da ta nuna ta zo daidai da adadin da kwamfuta ta kirga. Wannan kirgen shine gwajin da na fi yarda dashi yanzu, ka zabi duka a kwamfuta ka ga nawa ne, ka duba nawa rediyo ta ce, in sun bambanta akwai wanda bata gani.

Na dauka an gama, sai Baba ya kira ni da safe yace karatun a hargitse yake, daga Bakara sai ta fada Yasin sai ta dawo Ali Imrana. Surori 114 ne kuma duk suna nan, jerin ne ya lalace. A kwamfuta in ka duba a jere suke tsaf saboda ita da kanta take jera su da suna, amma da yawa daga cikin kananan rediyon nan basa bin suna, bin yadda aka rubuta fayilolin a memori suke, wanda ya riga shiga shi zai riga fitowa. Sannan wasu sunayen 1, 2, 10, 100 aka rubuta, wanda ko na'urar da ke bin suna zata iya kawo 10 da 100 kafin 2. Kanwata ta sake musu lamba da sifili a gaba, 001, 002 har 114, ta sake fomatin din memorin don a fara daga fari, sannan ta rika zubawa folda daya bayan daya, sai wannan ya gama ta dauko wancan. Akwai wata yar dabara da ta nuna min, in ka zabi fayiloli duka zaka ja su, ka kama na farkon da linzami, domin Windows daga wanda ka kama take fara kwafa, in ka kama na tsakiya daga nan jerin zai fara. Ta kuma hana folda cikin folda cikin folda, hudu kawai ta yi a fili, karatu, tafsiri, bege, gargajiya. Sunayen da aka rubuta da Larabci da masu haruffanmu masu lankwasa irin ƙ da ɗ da ɓ akwatuna kawai suke fitowa a dan sikirin, ta mayar dasu gajeru da bakaken boko zalla.

Da zan sake bin hanyar nan daga farko, ba shago zan fara zuwa ba. Zan nemi karamin memori da na tabbatar yana yi a wata na'urar, da waka daya tak wadda na san MP3 ce ta gaske, in saka. In ta yi, an wanke rediyo, sai a koma kan memori, girmansa nawa, FAT32 ne ko exFAT, na gaske ne ko jabu. In memorin ya tsallake sai a koma kan fayiloli, a kunna wutsiya a gani, wanda ake shakka a bude shi a VLC. Yawancin masu gyara da ka kawo musu abu fomatin ne farkon abunda zai fito bakinsu, kuma wani lokacin shi ne maganin, amma kar ka yarda sai an kwashe kayanka an ajiye a wani wuri kana kallo. Kuma duk memorin da zai shiga kwamfutar kasuwa, ka tabbata abun da baka da madadinsa yana da kwafi a gida.

Akwai wasu da basu same ni ba amma na gani a wajen wasu tun da na zama kamar likitan abun a unguwa. Wani makwabcinmu ya saka memori a wayar Android ta tambaye shi yadda zai yi amfani dashi, ya zabi ya hade da cikin waya. In ka zabi wannan waya na kulle memorin ne yadda ita kadai zata iya karanta shi, ko kwamfuta bata gani balle rediyo, sai an kwashe kayan ta cikin wayar an sake fomatin a matsayin Portable storage. Masu MP irin na iyafis da ake jonawa da kebul kuma, wasu kebul din caji kawai suke yi basa daukar kaya, zaka ga tana caji amma kwamfuta bata ganta ba, a canza kebul kafin a zargi kowa. Irin masu babban sikirin din nan wasunsu sai ka shiga saiti ka danna Update playlist ko Refresh kafin sababbin wakoki su fito a jeri. Wanda kuma ya kwafa da kwamfutar Mac zai iya ganin kowace waka ta fito sau biyu, daya da digo da karan kasa a farkon sunanta wadda bata yi, wadannan gogewa ake yi.

Babban memorin nan mai 64 ma daga baya mun gwada shi don ganin kwakwaf. Wurin fomatin na Windows bai bamu zabin FAT32 ba saboda ya wuce 32GB, sai da kanwata ta sauko da wata karamar manhaja mai suna guiformat ta yi dashi. Rediyon ta karanta shi kuwa duk da abunda aka rubuta a kwali, sai dai tana dadewa kafin ta tashi in an kunna, kuma ba kowace zata yarda ba, ta makwabcin namu ta ki. Na mayar dashi waya na bar wa Baba 16 din. Yanzu in an turo sabon karatu ta WhatsApp tarawa nake har su dan yi yawa, a juya su MP3, a basu lambar da ke bin ta karshe, a zuba a foldarsu a danna Eject, memorin kuma na hana a sake kai shi wajen masu turawa, in ana son wani abu a wajensu da filas daban ake karbowa a wanke shi tukunna.